Me ya sa 'yan ƙabilar Lakota suka ƙi karɓar kuɗin duwatsun Paha Sapa?

"Salam Malam, barka da ƙoƙari. Na ga wani bidiyo a Facebook wai akwai wata ƙabila ta jajayen Indiyawa a Amurka da gwamnati ta ajiye musu sama da dala biliyan ɗaya saboda wasu duwatsu da aka ƙwace musu, amma sun ƙi karɓa, kuma wai suna cikin waɗanda suka fi kowa talauci a ƙasar. Don Allah gaskiya ne ko irin ƙaryar intanet ce? In gaskiya ne meye a cikin duwatsun nan haka? Kuma ba gara su karɓa su rage zafi ba tunda dai ba dawo musu da wurin za a yi ba?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka gani gaskiya ne, kuɗin suna nan ajiye a asusun gwamnatin Amurka tun 1980 suna ta hayayyafa da kuɗin ruwa, sun daɗe da haura dala biliyan 1, kuma masu haƙƙin sun ce ko sisi ba za su taɓa ba. Mutanen sunansu Lakota, duwatsun kuma Turawa na kiransu Black Hills, masu wurin kuwa Paha Sapa suke cewa ko He Sapa, duk dai ma'anar baƙaƙen duwatsu ce. In na fahimce ka, abin da ya ɗaure maka kai shi ne yadda za a yi mabuƙaci ya ga kuɗi irin wannan ya kau da kai, da kuma meye darajar wurin a gurinsu. Tarihin Amurka na ƙarni na 19 shi na karanta kuma shi nake koyarwa shekara da shekaru, kuma Allah ya nufa na taɓa taka ƙafata wurin sau ɗaya lokacin da nake karatu a can, to zan ba ka abin da na sani, sai dai ka yi haƙuri amsar za ta yi tsawo don in ba a bi labarin daga tushe ba ƙin karɓar kuɗin sai ya yi kama da taurin kai kawai.

Kafin nan, wannan suna na jajayen Indiyawa da muka saba da shi daga finafinan kaboyi, mutanen ba su da haɗi da ƙasar Indiya, kuma ba sa son sunan. Kowace ƙabila da sunanta. Lakota reshe ne na wata babbar al'umma da ke kiran kanta Oceti Sakowin, wato murhu bakwai na shawara, a takardun gwamnati kuma za ka ga an rubuta Sioux, ana furta shi Su, sunan da Faransawa suka ɗauko daga bakin maƙwabtansu Ojibwe. Su kansu Lakota gida bakwai ne, waɗanda aka fi ji su ne Oglala da Sicangu da Hunkpapa.

Wurin da kansa

Paha Sapa yana yammacin jihar Dakota ta Kudu, ya ɗan leƙa cikin Wayomin. Ka yi ta tafiya a mota awa da awanni cikin fili fetal, ciyawa kawai da iska, ba bishiya ba inuwa, kwatsam sai ka hango wani baƙin abu ya tokare sararin sama daga nesa, in ka matso sai ka ga ashe ba duwatsun ne baƙaƙe ba, itatuwa ne masu ganye kamar allura suka lulluɓe su har suka yi duhu. A ciki akwai ƙoramu da maɓuɓɓugan ruwa, har da na ruwan zafi, ga namun daji, ga itacen da suke yin dirkokin tantinsu, ga mafaka in hunturu ya yi tsanani, kuma hunturun can ba irin sanyin da muka sani ba ne, ƙanƙara ce mai kisa. Ko da ba a kawo maganar addini ba, ga mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan farautar ɓauna a wannan fili, wurin rumbu ne.

Amma maganar addinin ita ce gaba. A kudancin duwatsun akwai wani kogo da iska ke fita da shiga ta bakinsa kamar numfashi, yanzu gandun gwamnati ne tun 1903 ana ce masa Wind Cave, a labarin da Lakota suka gada ta wannan rami kakanninsu suka fito doron ƙasa. Akwai wani kwari mai jar ƙasa da ya zagaye duwatsun kamar zobe, suna cewa nan aka yi tseren farko tsakanin masu ƙafa biyu da masu ƙafa huɗu. Akwai Pe Sla, wani fili ne tsirara a tsakiyar dajin, akwai Mato Tipila wato masaukin beyar, wanda Turawa suka laƙaba wa suna hasumiyar shaiɗan, abin da har yau yake yi wa masu wurin ciwo. Dattawansu suna da ilimin taurari da ke haɗa kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare da wani rukunin taurari a sama, kuma in bazara ta shigo ana bin wuraren ɗaya bayan ɗaya da ibada gwargwadon tafiyar rana, jami'ar Sinte Gleska da ke yankinsu na Rosebud ta tattara wannan daga bakin tsofaffi. Shi ya sa suke kiran Paha Sapa zuciyar duk wani abu da yake akwai.

Ni inda na hau shi ne Mato Paha, wani tsauni da ya ware shi kaɗai a arewa maso gabas kusa da garin Sturgis. Tun daga gindinsa har sama rassan bishiyoyi cike suke da ƙyallaye ja da rawaya da fari da baƙi, da ƴan ƙulle-ƙullen taba, kowane ɗaya addu'ar wani ce, wasu sun koɗe wasu kuwa sababbi fil kamar jiya aka ɗaura, kuma akwai alluna da ke roƙon baƙi kada su taɓa kada su ɗauki hoto. A nan mutum yake keɓewa ya yi har kwana huɗu ba ci ba sha yana kuka yana roƙon Wakan Tanka, wato abin bautarsu mafi girma, ya nuna masa hanya. Ni musulmi ne, aƙidata daban da tasu, amma na sauko daga dutsen nan na tabbata ibadar nan da ranta, yau ɗin nan ake yin ta, ba don ƴan yawon buɗe ido ba. Kuma daga saman kana hango titi da mashaya, don duk watan Agusta dubban ɗaruruwan masu manyan babura suke cika Sturgis da bikinsu, ƙarar injin tana kaiwa har inda mai azumin yake zaune. Wannan abu ya daɗe yana damuna.

Akwai gardamar da za ka ci karo da ita in ka shiga karatun, gara ka ji ta daga yanzu. Masu adawa da Lakota suna cewa ai su ma baƙi ne, daga gabas suka taso ta wajen Minesota, sai wajen 1775 zuwa 1776 suka iso duwatsun bayan sun samu dawaki, suka tarar da Cheyenne da Kiowa da Crow da Arapaho suka ture su. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don su Lakota suna da kundin shekaru da suke zanawa a fata, hoto ɗaya kowace shekara, kuma ɗaya daga cikin kundayen ya nuna wani mai suna Standing Bull ya isa duwatsun a wannan shekara. Mato Paha ma wajen Cheyenne wuri ne mai tsarki ƙwarai. Dattawan Lakota kuma suna cewa komawa gida suka yi ba zuwan fari ba ne. Ni a aji abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne wannan gardama ko ta ƙare ta wane gefe ba ta taɓa shari'ar, saboda gwamnatin Amurka da hannunta ta sa hannu cewa wurin na Lakota ne, kuma a kan wannan takarda ake magana.

Takardar 1868 da abin da ya biyo baya

Yarjejeniyar nan ba kyauta aka yi musu ba, da yaƙi suka same ta. Daga 1866 zuwa 1868 wani shugaban Oglala, Mahpiya Luta wato Jan Gajimare, wanda duniya ta sani da Red Cloud, ya hana sojan Amurka sakat a kan hanyar Bozeman da aka ratsa ta ƙasar farautarsu zuwa wuraren haƙar zinare na Montana, a Disamba 1866 a rana ɗaya aka kashe soja da ƴan rakiya 81 ba wanda ya tsira. Gwamnati ta ga ba riba ta nemi sulhu, ta janye daga sansanoninta na kan hanyar, aka ƙone su, sannan Red Cloud ya sa hannu a yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868. A ciki aka ce duk yammacin Dakota ta Kudu ta yau, daga kogin Mizuri zuwa yamma har da Paha Sapa, nasu ne su kaɗai ba mai damunsu, kuma Bature ba zai zauna ko ya ratsa ba sai ma'aikacin gwamnati da aka ba izini. Sai sashe na 12, ka riƙe shi da kyau don shi ne ƙashin bayan komai: ba za a sallama ko taku ɗaya na wannan ƙasa ba sai kashi uku cikin huɗu na baligan maza sun sa hannu.

Shekara shida kawai ta yi. A 1873 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, bankuna suka karye, mutane ba aiki, ga jita-jita ta daɗe tana yawo cewa akwai zinare a duwatsun. A Yulin 1874 aka tura wani hafsan soja George Custer da mutum sama da 1,000 da amalanke sama da 100, a baki an ce wurin kafa sansani za su duba, amma a cikin tawagar akwai masu neman zinare da ƴan jarida da mai ɗaukar hoto. Suka samu zinare a wata ƙorama French Creek, kafin su dawo ma jaridu sun baza cewa zinare har a saiwar ciyawa. Lakota suka sa wa hanyar da Custer ya bi suna hanyar ɓarayi. Daga nan mutane suka kwararo dubbai, da farko soja sun ɗan yi ta korarsu kamar yadda yarjejeniya ta tanada, amma a Nuwamban 1875 shugaba Grant ya zauna da manyan hafsoshinsa a ɓoye aka yanke cewa soja su daina tare kowa.

A Satumban wannan shekarar an riga an aiko kwamiti ya saya, tayinsu dala miliyan 6 a sayar gaba ɗaya ko dala 400,000 duk shekara a matsayin hayar haƙa. Gaskiya a nan bakin Lakota bai zo ɗaya ba, wasu shugabannin da suka riga suka zauna kusa da ofisoshin rabon abinci na gwamnati sun ga abin ya fi ƙarfinsu sai suka faɗi farashi mai tsada, dala miliyan 70, da abin da zai ciyar da jikokinsu, su kuwa Tatanka Iyotake wato Sitting Bull da Tasunke Witko wato Crazy Horse ko wurin taron ba su je ba. Ciniki bai faɗa ba. Sai gwamnati ta canza salo, a Disamba ta ba da sanarwa duk wanda yake can filin farauta ya dawo ofishin gwamnati kafin 31 ga Janairu 1876 ko a ɗauke shi abokin gaba, a tsakiyar hunturu fa, da mata da yara da tsofaffi, wasu ma saƙon bai same su a kan lokaci ba, kuma filin da suke ciki yarjejeniya ta ba su damar farauta a cikinsa. Neman dalili ne kawai.

Yaƙin da ya biyo baya shi ne wanda ake yawan yin fim a kansa. Ranar 25 ga Yuni 1876 a bakin kogin Little Bighorn a Montana, Custer ya faɗa wa wani babban zango na Lakota da Cheyenne bai san yawansu ba, shi da mutum sama da 200 da ke tare da shi ba wanda ya fita. Labarin ya isa biranen gabas daidai lokacin da ƙasar ke bikin cika shekara 100 da samun ƴanci, ka ga kuwa ran mutane ya ɓaci iya ɓaci, kuma wannan nasara ita ta jawo musu mafi munin abin. A Agusta majalisar dokoki ta sa sharaɗi a kasafin kuɗi cewa ba za a ƙara ba su abinci ba sai sun sallama duwatsun, abin da har yau ake kira ku sayar ko yunwa ta kashe ku. Ka tuna a lokacin ana ta karkashe ɓauna, dabbar da a da ake ƙirga ta da miliyoyi, kafin ƙarshen shekarun 1880 sai ƴan ɗaruruwa suka rage, mutanen da aka tsugunar ba su da abin kaiwa baka sai wannan rabo. Wani kwamitin gwamnati ƙarƙashin George Manypenny ya zagaya da takardar sallama duwatsun yana neman sa hannu, duk da yunwar nan abin da ya samu bai wuce kashi 10 cikin 100 na baligan maza ba, alhali sashe na 12 kashi 75 ya ce. Majalisa ba ta damu ba, ranar 28 ga Fabrairu 1877 ta mayar da takardar doka ta ɗauke ƙasa eka sama da miliyan 7.

Abin da ya zo bayan nan zan taƙaita don mai nauyi ne. An soke Crazy Horse da banati a sansanin Robinson a Satumban 1877 bayan ya miƙa wuya. Sitting Bull ya yi gudun hijira Kanada, yunwa ta dawo da shi a 1881, aka kashe shi a Disamban 1890, bayan sati biyu rundunar da Custer ya taɓa jagoranta ta buɗe wa wasu Lakota wuta a wani wuri da ake kira Wounded Knee ta kashe mutum tsakanin 250 da 300, da yawansu mata da yara. A 1889 aka daddatsa sauran ƙasar zuwa ƙananan yankuna irin su Pine Ridge da Rosebud da Standing Rock. Daga 1883 aka haramta manyan ibadunsu, aka riƙa ɗauke yara ana kai su makarantun kwana ana aske musu gashi ana dukansu in sun yi yarensu, sai 1978 aka yi dokar da ta amince da ƴancin addininsu. A gefe guda kuma mahaƙar Homestake da ke garin Lead, wadda wani attajiri George Hearst ya saya a 1877 kan dala 70,000, ta yi aiki sama da shekara 120, ta nutsa ƙafa 8,000 cikin ƙasa, ta fitar da zinare sama da tan 1,000. Mahaƙa ɗaya kenan.

Sai kuma fuskokin nan huɗu da kowa ya sani a hoto. Dutsen Rushmore a cikin Paha Sapa yake, Lakota suna kiransa Tunkasila Sakpe wato kakanni shida. Daga 1927 zuwa 1941 wani mai sassaƙa Gutzon Borglum ya farfasa shi da nakiya ya sassaƙa fuskokin shugabannin Amurka huɗu, Washington da Jefferson da Theodore Roosevelt da Lincoln, kowace fuska tsawon ƙafa 60, dalilin farko ma don a jawo ƴan yawon buɗe ido ne jihar ta samu kuɗi. Lincoln ɗin nan shi ya sa hannu aka rataye ƴan Dakota 38 rana ɗaya a 1862, kuma Dakota da Lakota dangi ne na jini. Na tsaya a dandalin kallon cikin taron jama'a suna ta ɗaukar hoto cikin farin ciki, yawancinsu na tabbata ba su taɓa jin sashe na 12 ba, don ba a koya musu ba.

Shari'ar, da dalilin ƙin kuɗin

Lakota ba su taɓa yin shiru ba. Sai da majalisa ta yi doka ta musamman a 1920 kafin a ba su damar kai ƙara, suka shigar a 1923, aka yi ta jan ƙafa har 1942 aka kore ta, suka sake bi ta hukumar sauraron koken ƙabilu da aka kafa a 1946, haka dai har 30 ga Yuni 1980 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai 8 suka goyi bayansu 1 ya ƙi. Mai shari'a Blackmun da ya rubuta hukuncin ya bi tarihin nan da na ba ka dalla-dalla, har ya kawo maganar wata kotu da ke ƙasa da Kotun Ƙoli da ta ce da wuya a samu wani cin amana da ya kai wannan muni a tarihin ƙasar. Aka ce a biya su dala miliyan 17.1, ƙimar ƙasar a 1877, da kuɗin ruwa kashi 5 cikin 100 na shekara 103, jimilla wajen miliyan 105.

To a nan gizo ke saƙar. Tsarin da aka kafa na sauraron koken tun asali kuɗi kawai yake iya bayarwa, ba shi da hurumin mayar da ƙasa, kuma doka ta ce da zarar an biya an rufe maganar har abada. Ma'ana ranar da suka karɓi cek ɗin, cinikin da kakanninsu suka ƙi yi da yunwa a cikinsu ya faɗa, an sayar an karɓi kuɗi, kuma ka san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Lauyoyin da suka yi shari'ar, waɗanda ba ƴan ƙabilar ba ne, sun ɗauki kasonsu na kashi 10 cikin 100, su kuwa majalisun ƙabilun suka ƙi, har wani lauya ɗan Oglala, Mario Gonzalez, ya garzaya kotu a 1980 ɗin yana neman ƙasar kanta, kotu ta ce ba ta da hurumi. Kalmar da za ka ji a bakinsu har yau ita ce Paha Sapa ba na sayarwa ba ne. Ka ɗauka wani ya ƙwace gonar gado da kaburburan iyayenka a ciki, ya haƙe dukiyar da ke ƙarƙashinta, alƙali ya tabbatar ƙwace ne, sannan ya ce a ba ka kuɗinta a farashin zamanin kakan kakanka ka sa hannu ka bar maganar.

Batun talauci da ka kawo gaskiya ne, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Ƙaramar hukumar Oglala Lakota inda Pine Ridge yake kullum tana sahun ƙarshe a duk Amurka wajen samun kuɗi da tsawon rai, ga rashin aiki ga ciwon suga ga matsalar giya ga gidajen da iyali biyu uku suke cunkushe a ciki cikin wannan sanyi. Amma yi lissafin da kanka, dala biliyan 1 da ɗoriya in ka raba wa mutum sama da 100,000, kowa zai tashi da abin da bai fi dala dubu goma sha wani abu ba, a Amurka wannan kuɗin tsohuwar mota ce, shekara ɗaya biyu sun ƙare, ƙasa kuma ta tafi kenan. Ba kowa ne ya yarda da ƙin ba, a 2009 wasu ƴan ƙabilar sun kai ƙara suna neman a raba kuɗin, kotu ta yi watsi da ita, kuma ni ba zan zargi uban da yaransa ke kwana cikin sanyi don ya ce a raba ba. Sai dai in ra'ayina kake so, ina ganin masu ƙin sun fi hangen nesa, don kuɗin nan da ke zaune ba a taɓa ba su ne shaidar da ta hana a rufe fayil ɗin, duk shekara suna ƙara yawa suna ƙara tuna wa gwamnati cewa akwai magana a ƙasa.

Ka ce tunda ba dawo musu da wurin za a yi ba. Duka dai kam da wuya, akwai garuruwa irin Rapid City da Deadwood da gonaki da gidajen mutanen da su ma can aka haifi kakanninsu, kuma yawancin shugabannin Lakota ba su ce a tashi kowa ba. Abin da suka fi nema shi ne ƙasar da ke hannun gwamnatin tarayya, gandun dajin Black Hills kaɗai eka miliyan 1.2 ne. A 1985 Sanata Bill Bradley ya kawo ƙudurin mayar musu da eka miliyan 1.3 na irin wannan ƙasa ba tare da an taɓa gidan kowa ko dutsen Rushmore ba, ƴan majalisar Dakota ta Kudu suka taru suka kashe shi. A 2012 wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ƴan asalin ƙasa, James Anaya, ya ba da shawarar a mayar da wasu filaye har da na Paha Sapa. A 2020 da Trump ya je Rushmore bikin ranar ƴanci matasa suka tare hanya aka kama wasu, kiran a dawo da ƙasa ya ƙara ƙarfi daga nan. Ƙananan abubuwa kuma suna motsi, tsauni mafi tsawo a duwatsun da a da yake ɗauke da sunan Janar Harney, wanda ya kashe Lakota 86 a 1855, an canza masa suna a 2016 zuwa Black Elk, sunan wani malaminsu da ya ce yana ɗan shekara 9 aka kai shi saman wannan tsauni cikin wahayi. A Mato Tipila kuma tun 1995 ana roƙon masu wasan hawan dutse su dakata duk watan Yuni saboda masu ibada, roƙo ne ba dole ba, da yawa suna bi wasu ba sa bi.

Iyakar tawa kenan a gefen takardu da kotu. Abin da ya shafi cikin ibadarsu kuwa ni baƙo ne, ba na jin yarensu, kwana kaɗan na yi a wurin, kuma akwai abubuwan da su da kansu ba sa buɗe wa na waje, don haka abin da na faɗa maka a kan tsarkin wurin ka ɗauke shi a matsayin bayanin wanda ya tsaya a bakin ƙofa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari na ƙara maka labarin Pe Sla, filin tsakiyar nan da na ambata. Ya daɗe a hannun wani iyali na makiyaya da suke barin Lakota su shiga su yi addu'a, a 2012 sai iyalin suka sa shi a gwanjo, ga kuma maganar za a gyara titi ya ratsa ta wurin. Cikin ƴan watanni ƙabilun Rosebud da Crow Creek da Shakopee da taimakon jama'a ta intanet suka haɗa dala miliyan 9 suka saye eka wajen 1,900. Wasu dattawa sun yi kuka da takaici cewa yaya za a yi mutum ya sayi abin da aka sace masa, kuma ga biliyan a ajiye da sunansu da ko kwabo ba su ciro daga ciki ba don wannan ciniki, bashi da gudummawa suka haɗa. Daga baya gwamnatin tarayya ta amince ta riƙe filin a matsayin amanar ƙabilun, kuma sun dawo da garken ɓauna suna kiwo a cikinsa.